Garmahon Longji da Muryar Mama Salomi

Longji bai je gwanjon nan don sayen garmaho ba. Keken ɗinki ya je nema.

Kafin ya zo Amurka, gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, a Pankshin tukuna, sannan a Jos, cikin wata 'yar rumfa bayan kasuwa. A Greensboro kuwa aikin kula da injuna yake yi a wata masana'antar kwali, amma hannunsa bai manta sana'ar farko ba. Duk Asabar ɗin da ba ya aiki sai ya ɗaga ƙofar garejin gidansa a McLeansville, matan cocinsu da matan Gana da 'yan Nijar su yi ta kawo masa kekunansu. Shi ya sa duk inda ya ji za a yi gwanjon kayan gida yakan leƙa, ko ya dace da tsohon keken da zai ciri kayan gyara a jikinsa.

Ran nan abokinsa Sayibu ne ya kai shi. Sayibu mutumin zangon Kumasi ne, baduku tun yana yaro, yana da ɗan shagon gyaran takalma da jakunkuna a Gate City Boulevard, tsakanin wani shagon kayan abincin Afirka da wurin sayar da motoci. Shi ya ji labarin wani gida a Irving Park: tsohuwar gidan ta rasu, 'ya'yanta suna nesa, an buɗe ƙofa ana sayar da komai, daga labule har cokali.

A ɗakin ƙasa, bayan wasu tsofaffin kujeru, Longji ya hango akwatin katako mai murfi mai doro da mariƙi a sama. Ya ce wa Sayibu, "Ga shi can." Duk wanda ya taɓa ganin tsohon keken hannu ya san irin wannan murfin. Sai da ya ɓalle maɗauran ya ɗaga, sannan ya tsaya yana kallo. Ba allurar ɗinki, ba ƙoshiya, ba wurin zare. Baƙin ƙarfe ne mai zanen furanni na ruwan zinariya, da wani ƙarfe kamar guntun famfo a kwance, da dogon sukuru mai zare siriri ƙwarai. Kusa da shi an jingine wani ƙahon kwano da ya lotse a baki, ga kuma kwali cike da 'yan gwangwanayen takarda.

Matar da ke kula da gwanjon ta zo ta yi musu bayani. Ta ce garmaho ne, irin na farko, na kafin a fara yin faifai. Ta buɗe ɗaya daga cikin gwangwanayen ta zaro wani abu baƙi, kamar kofi mara gindi. Ta ce waƙar tana jikin wannan, zura shi ake yi a kan ƙarfen nan mai kama da famfo. Ta ƙara da cewa ko 'ya'yan marigayiyar ba su taɓa jin abin ya yi magana ba.

Sayibu ya yi dariya. "Ei, Malam Longji, wannan ai ya mutu tun ba a haifi kakanka ba."

Longji ya kama hannun da ke gefen akwatin ya murɗa a hankali, ya karkata kai yana saurare. Hannun ya yi nauyi, can ciki wani abu ya ce ƙum, ya sake.

"Bai mutu ba," in ji shi. "Sifirin ɗinsa, ƙarfen nan da ke naɗe a ciki, na nan da ransa. Datti ne ya shaƙe shi."

Haka suka fito, shi rungume da akwati, Sayibu ɗauke da ƙaho a kafaɗa, mutanen unguwar masu yawo da karnukansu suna binsu da kallo.

Matarsa Lucia, wadda ke aikin jinya a gidan kula da tsofaffi, ta tarar da su suna sauke kayan. Ta gaisa da Sayibu, ta tambayi lafiyar matarsa Azaratu da yara, sannan ta juya ga mijinta.

"Baban Jemimah, keke ka ce za ka sayo."

"Ɗan'uwansa ne."

"Yana ɗinki?"

"Yana waƙa."

"To, mu ji."

"Sai na gyara."

Ta dube shi, ta dubi ƙahon da ya lotse, ta shige ciki tana girgiza kai.

Longji ya fara da kallo kawai. Haka maigidansa na Pankshin ya koya masa: kada ka kwance abin da ba ka gane tafiyarsa ba. Ya ɗaga saman akwatin ya bi hanyar ƙarfin da yatsa, daga sifirin zuwa ƙafafun haƙora, daga nan zuwa wasu 'yan ƙarafa uku masu nauyi da ke rataye jikin sanda. Waɗannan suka fi burge shi. In inji ya ɗauki gudu sai su buɗe kamar lema, su ja wani ɗan faranti ya gogi ƙyalle, gudun ya ragu. In ya yi sanyi sai su rufe. Ba wuta, ba batir, amma abin yana tsare kansa da kansa. Ya daɗe a tsugune yana juya su da ɗan yatsa yana murmushi shi kaɗai.

Abin da bai gane ba sai ya nema a waya. Ta haka ya sami wani dattijon Bature mai suna Mista Whitlow, can wajen gari, wanda ya tara irin waɗannan injuna ɗaki guda. Dattijon ya yi murna da jin muryarsa, ya aiko masa da 'yan robobi da wani ɗan abu shara-shara kamar ɓawon albasa, wanda shi ne ke rawa ya fitar da sauti. Ya kuma ja masa kunne kan abu ɗaya: sifirin.

Asabar bayan Asabar, Longji ya kwance ƙafafun haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya jera su kan farin ƙyalle yadda suka fito, ya jiƙa su a kananzir, ya bi kowane haƙori da tsinke. Tsohon giris ɗin ya daskare ya zama kamar kwalta. Dogon sukurun nan kuwa, da buroshin haƙori ya wanke shi, don zarensa ne ke tura allura gaba a kan waƙar, in zare ɗaya ya tauye, allura za ta yi ta maimaita wuri guda. Matan da suka kawo kekuna suka fara gunaguni wai Malam Longji ya sami sabuwar amarya a gareji.

Ranar da zai fitar da sifirin ya yi duk abin da aka ce. Ya bar injin ya warware har ya tsaya, ya sa safar hannu, ya zura gwangwanin sifirin cikin buhun shinkafa don kada ya yi tsalle. Amma giris ɗin ya manne wasu zagaye a ciki, ƙarfinsu bai fita ba. Yana jan bakin ƙarfen da filaya, abin ya tashi gaba ɗaya. Ya keta buhun, ya share masa bayan hannu daidai inda safar ta ƙare, ya je ya daki ƙofar gareji da ƙara kamar an jefar da kwanon rufi.

Lucia ta fito a guje da ludayi a hannu. Ta ga jini, ta ga dogon ƙarfe baƙi yana ta rawa a ƙasa. Ta wanke ciwon ta ɗaure.

"Da ido ne fa?" ta ce.

"Ba ido ba ne."

"Na ce da ido ne?"

Ta tashi ta je ta tsaya kan sifirin, ta taɓa shi da ƙafa. Ya kusa kai tsawon garejin.

"Duk wannan daga cikin ɗan gwangwanin can ya fito?"

"Duk."

"Yaya za ka mayar da shi da hannu ɗaya?"

"Zan jira ciwon ya warke."

"Na san ka, ba za ka jira ba."

Bai kuwa jira sosai ba, amma bai yi shi kaɗai ba. Da ya goge sifirin ya shafe shi da sabon giris, Lucia ta sa tabarau da safar hannu mai kauri ta danne gwangwanin a kan tebur da dukan ƙarfinta, shi kuma yana cusa ƙarfen zagaye bayan zagaye, babban yatsansa bai taɓa sakin na baya ba sai na gaba ya zauna. Gumi ya jiƙa su duka. Da bakin ƙarshe ya faɗa ciki, ta saki ajiyar zuciya ta ce, "Wannan ko ɗaga majinyaci bai kai shi ba." Daga ranar, in tana ba matan coci labari, "garmahonmu" take cewa.

Saura bel, wato madaurin da ke juya injin. Na ainihin ya ruɓe ya tsinke, kuma na fata ne, siriri. Sayibu ya ce a bar masa. Ya kawo wani mai kyan gani, ya haɗa bakinsa da gam da kansa. Suka ɗaura ƙahon da Longji ya buge ya miƙe, suka zaɓi ɗaya daga cikin baƙaƙen kofunan. Longji ya riƙe shi da yatsu biyu daga ciki, don ba a taɓa bayansa, ya zura, ya murɗa hannu, ya saki birki, ya sauke allura.

Da fari sai wani shuu, kamar yayyafi a kan kwano. Sannan muryar wani namiji ta fito daga ƙahon, yana sanar da sunan waƙar da Turancin mutanen da, sai ga kakaki da ganguna na 'yan badujala sun cika garejin.

Sayibu ya ja da baya ya ce, "Lahaula!" Lucia ta dafe ƙirji. Longji kuwa ya tsuke fuska.

"Akwai matsala."

"Wace matsala? Abu ya yi shekara ɗari bai yi magana ba, yau ya yi!"

"Saurara."

Sautin yana ɗan rawa, yana tafiya yana tuntuɓe a kai a kai. Longji ya sa ido kan bel ɗin. Duk sanda mahaɗin ya hau kan ƙafar juyi sai sautin ya girgiza.

"Mahaɗin ya yi kauri, Malam Sayibu."

Fuskar Sayibu ta canza. "Aikina ne ba shi da kyau?"

"A takalmi ba wanda zai gani. Wannan abin ne ba ya rufa wa kowa asiri."

Sayibu ya cire bel ɗin ya sa a aljihu, ya tafi ko ruwa bai sha ba. Longji ya damu, ya ce wa Lucia ko ya ɓata wa mutumin rai. Sai ga Sayibu ya dawo da yammacin Lahadi da wata fatar akuya da ya ce tun daga Kumasi ya taho da ita, bai taɓa samun aikin da ya cancance ta ba. Ya fere bakunan biyu da wuƙarsa har haske na ratsa su, ya haɗa. Ya miƙa wa Longji ya ce ya rufe ido ya nemo mahaɗin da yatsa. Longji ya bi bel ɗin ya zagayo bai ji komai ba.

Wannan karon kakakin ya fito sumul. Longji ya ɗan juya sukurun gudu har muryar mai sanarwar ta daina kama da ta mai sauri zuwa tasha, ta zauna kamar ta mutum mai magana a gabanka. Sayibu ya naɗe hannu a ƙirji, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a sake.

Da Longji ya kai wa Mista Whitlow injin ya gani, dattijon ya saurara ido a rufe, ya shafa bel ɗin, ya tambayi wanda ya yi shi. Sannan ya shiga ciki ya fito da wani ɗan ƙarfe mai kama da kan allurar, da kofuna uku na kakin zuma masu launin ƙasa, jikinsu sumul ba zane. Ya ce injin nan ba waƙa kawai yake yi ba, yana kuma ɗauka. In aka sa wannan kan, aka yi magana cikin ƙaho, allurar za ta yanka sautin a jikin kakin. Minti biyu kowane kofi ke ci. Sai dai a ɗumama kakin tukuna, kuma mai waƙar ya tsaya daf da bakin ƙaho. Ya ba shi aron kan, kofunan kuwa kyauta.

Lucia ce ta kai maganar gaban Fasto. Bikin godiyar kaka ya kusa, ta ce me zai hana a ɗauki waƙar mawaƙan coci a wannan abin, yara su ga yadda aka fara. Fasto ya sanar a kan bagade, ya kira injin da "abin al'ajabin da ɗan'uwa Longji ya tayar". Longji ya sunkuyar da kai, amma kunnuwansa sun yi zafi don daɗi.

Ranar bikin, bayan sujada, aka taru a zauren cin abinci. Ƙamshin tuwo da miyar kuka da gwate ya cika wurin, ga doya da kabewa da buhunan shinkafa da aka kawo na godiya an tara a gefe. Sayibu ma ya zo da Azaratu, suka zauna kusa da tebur, don ya ce ba za a yi amfani da bel ɗinsa ba ya nan. Longji ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗora injin, ya kunna kwan fitila kusa da kofi na farko don ya yi ɗumi.

Shugaban mawaƙa, Desmond, saurayi ne mai fara'a da ya iya piyano. Ya jera mutanensa a gaban ƙaho, ya ba su murya, suka fara. Waƙa mai daɗi, muryoyi sun haɗu lumui kamar yadda suke yi kowace Lahadi. Allura tana tafiya, wani siririn gashi na kaki yana zubowa, Longji yana share shi da buroshi mai laushi. Da suka gama ya canza kan allurar, kowa ya yi tsit.

Shuu ɗin nan ya fito. Can ƙarƙashinsa, nesa ƙwarai, wani abu kamar kukan sauro. Wani yaro ya tambaya da Turanci ko an fara, yara suka fashe da dariya.

Longji ya duba allura, ya duba ƙaho, ya taɓa kakin. Komai daidai. Ya ce su matso, su ɗaga murya. Suka matso har kafaɗunsu na gogar juna, suka sake a kofi na biyu. Wannan karon an ji waƙa ce, amma kamar daga gidan maƙwabta, ƙofa a rufe. Desmond ya share gumi ya ce, "Baba Longji, ba mu da makirfo ne, shi ya sa. Ba za a iya jona masa ba?"

"Ba inda za a jona. Ƙarfin numfashinku ne kaɗai ke tura allurar."

Mutane suka fara juyawa wajen abinci. Wata mata ta ce ai ya yi ƙoƙari. Wannan kalmar ta fi dariyar yaran yi masa ciwo.

Sai wata murya daga bango ta ce, "Ɗana, abin nan ba ya ji ne?"

Mama Salomi ce, mahaifiyar Harrison ma'ajin coci. Daga wani ƙauye kusa da Mangu ta zo ganin jikoki. Tun zuwanta kullum tana zaune a kujerar baya cikin rigar sanyi biyu, ba ta cika magana ba, jikokin ba sa jin Hausa sosai, ita kuma ba ta jin Turanci. Yawancin 'yan cocin gaisuwa kawai ke haɗa su da ita.

Longji ya je ya rusuna. "Yana ji, Mama. Kunnensa ne ke da nauyi."

"To ai mai nauyin kunne ba a yi masa raɗa." Ta miƙa hannu. "Ɗaga ni."

Harrison ya taso da sauri. "Mama, hawan jininki fa."

"Jinina ya hau, ya sauka, ina nan. Kawo mini tulu."

Wata dattijuwa, Anti Zipporah, ta tafa hannu ta ce wa na kusa da ita, wannan fa ita ce ke ba da waƙa a taron matan zumunta na yankinsu shekara da shekaru, a fili, mata cike da filin ƙwallo, ba lasifika. Nan da nan matan zumunta suka ajiye faranti. Aka ɗauko tulun kiɗa da caki daga ɗakin ajiya.

Saura kofi ɗaya. Longji ya ɗumama shi a hankali yana juyawa. Ya sa mai tulu ta ja baya kaɗan, don bugun zai iya sa allura tsalle. Ya jera mata masu amshi a bayan Mama Salomi, ita kuma ya tsayar da ita har goshinta ya kusa shiga ƙahon.

"Mama, zan dafa kafaɗarki. In kin hau sama zan ɗan ja ki baya, in kin sauko zan matso da ke. Kuma mutanen da, kafin su fara, sukan faɗi sunansu."

Ta tuɓe rigar sanyi ɗaya ta miƙa wa Harrison, ta gyara ɗaurin zani, ta buɗe ƙafafu ta kafe su a ƙasa. Longji ya saki birki ya sauke allura, ya gyaɗa mata kai.

"Ni ce Salomi, uwar Harrison, daga ƙasar Mangu," ta faɗa cikin ƙahon. "Ina gaishe ku."

Sannan ta ɗauki waƙar.

Longji ya ji ta a tafin hannunsa kafin ya ji ta a kunne. Kafaɗar nan 'yar ƙarama tana kaɗawa kamar injin da aka tayar. Murya ce mai kaifi, mai faɗi, wadda ba ta neman taimakon kowa. Waƙar godiya ce ta gida, ta lissafa acca da dawa da dankali, da ruwan da ya zo kan lokaci. Matan suka amsa, kuma da yake ita ta ja su, su ma suka buɗe maƙogwaro yadda ba su taɓa yi ba a wannan zauren. Kakin yana zubowa da kauri yanzu, yana nannaɗewa, Lucia ta karɓi buroshin tana sharewa. Mama Salomi ta hau sama, Longji ya ja ta baya; ta sauko, ya matso da ita. Idonsa na kan allurar tana tafiya zuwa bakin kofin. Da ta kusa, ya ɗan matsa kafaɗar, ita kuwa ta gane, ta naɗe waƙar ta ajiye daidai, allura na da sauran ɗan wuri.

Ba wanda ya koma wajen abinci. Longji ya hure kofin, ya canza kan allurar. Sannan ya sauke allura.

"Ni ce Salomi, uwar Harrison, daga ƙasar Mangu. Ina gaishe ku."

Tar, har bangon baya. Wata mata ta rangaɗa guɗa, Fasto ya ɗaga hannu a yi shiru. Waƙar ta fito daga ƙahon kwano da ƙarfinta, tulun na bugawa a ƙasa, amshin mata na tashi a baya. Jikokin Mama Salomi suka matso gaban tebur, suna duban ƙahon suna duban kakarsu. Harrison ya tsaya riƙe da rigar sanyi, hawaye na bin kumatunsa, bai ko share ba.

Ita kuwa ta saurara fuska a ɗaure, kai a karkace. Da aka gama zauren ya ɗauki tafi, ta jira ya lafa.

"Zipporah," ta ce, "kin makara a amshi na biyu."

Dariya ta ɓarke, Anti Zipporah ta rufe fuska da gyale. Sayibu yana ta gaya wa duk wanda ke kusa cewa a lura sautin bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Mutane suka yi ta cewa a sake, Longji ya ce sau ɗaya kawai, don kakin mai laushi ne, kowane sauraro yana cin kaɗan daga jikinsa. Aka ɗaga wayoyi aka ɗauka. Fasto ya kama hannun Longji ya ɗaga sama, wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

Mama Salomi ta ce a nuna mata inda muryar ta shiga. Ya zaro kofin da yatsu biyu ya kai shi gaban taga. Ta matso da ido tana duban zanen, siriri fiye da zaren ɗinki, ya zagaye kofin daga baki zuwa baki.

"Duk ƙarfin da na yi, ɗan wannan ne?"

"Shi ne, Mama."

"Kai ka gyara abin da hannunka?"

"Ni da matata, da abokina can."

Ta kama hannun ta juya shi, ta dube shi ciki da baya, ta ce, "Allah ya yi wa hannun nan albarka." Sannan ta ce a zubo mata tuwo, waƙa ta sa ta yunwa.

Desmond ya jira har ta ci ta wanke hannu, ya zo ya durƙusa gabanta. Ya ce in Baba Longji ya samo wasu kofunan, mawaƙansa suna so su sake gwadawa, amma sai ta koya musu tukuna. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce tana da sauran makonni kafin ta koma gida, su zo ranar Laraba, kuma kada kowa ya kawo mata waya ko piyano.

Ranar Laraba da yamma Longji ya biyo ta cocin daga wurin aiki. Tun kafin ya kashe mota ya hango su. Mawaƙan sun jeru a wannan gefen filin ajiye motoci, Desmond a tsakiyarsu. Can ɗaya gefen, kusa da shinge, Mama Salomi na zaune kan kujerar roba, jikarta ƙarama na tsaye a gefenta. Suka ja numfashi suka ɗauki waƙar da iyakar ƙarfinsu, har wani mai wucewa da keke ya waiwayo.

Mama Salomi ta kai hannu bayan kunne.

"Ban ji ba!" ta ce. "Ku sake!"